Baba Asabe da Maɓallin Hagu

Baba Asabe ta zo gidanmu na Nassarawa a Kano ina 'yar shekara tara. Na riƙe ranar ne saboda ita ce mace ta farko da na ga ta sauke tukunya daga kan wuta da hannu, ba tsumma. Mijinta, Malam Garba, shi ne mai kula da shukokin gidan. Ya shekara biyu yana aiki da mu kafin mahaifina ya ce ya je ya ɗauko iyalinsa daga ƙauyensu da ke bayan Ringim, tunda ɗakunan baya suna nan ba kowa. Ta iso da akwatin ƙarfe ɗaya, da tabarma, da yaro ɗan shekara shida riƙe da gefen zaninta. Sunansa Muhammad Sani. Yayansa Auwalu ƙyanda ce ta ɗauke shi tun yana goye, biyun da suka biyo bayan Sani kuma ba wanda ya yi kwana arba'in a duniya. Shi kaɗai ya rage mata.

Ba aiki aka kawo ta yi ba. Kukunmu na lokacin ne ya tafi ganin gida bai dawo ba, sai Hajiya, mahaifiyata, ta ce Asabe ta riƙe mana kicin na mako guda. Makon nan shi ya zama shekara ashirin da bakwai.

Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, ba ta yi boko ba. Lambobi dai ta san su, saboda waya da agogon kicin. Tafin hannunta kauri gare shi kamar fatar takalmi, kan yatsunta kuma wuta ta daɗe da cinye jinsu. Allura za ta soke ta, sai ta ga jini sannan ta sani. Da hannun nan ta yi mini kitso har na gama sakandare, da shi ta wanke mahaifiyata lokacin da aka yi mata aikin gwiwa.

Malam Garba ya rasu shekarar da na shiga jami'a, ciwon hanta. Bayan shekara huɗu mahaifina ya bi shi. Yayyena maza suka watsu, wani Abuja, wani ƙasar waje. Ni na yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, na dawo ɗakina na ƙuruciya ina zuwa aiki wani kantin magani. Gidan mai ɗaki tara ya koma mu uku: Hajiya a sama, ni a ƙasa, Baba Asabe a baya.

Sani ya koyi walda a Dakata, kuma ya iya. Ya auri Ummi, 'yar Malam Idi mai sayar da katako, suka kama ɗaki a Kawaji, suka haifi Jummai. Sai aiki ya fara ja da baya. Wuta ba ta zuwa, man janareta ya fi ƙarfin maigidansa, wata safiya suka je suka tarar an sa wa rumfar kwaɗo. Ya yi wata bakwai yana zaga gari da tabaransa na walda a aljihu. A nan ne wasu abokansa suka ce masa a Libiya ana neman masu walda ido rufe.

Ina kicin ina shan shayi ranar da ya zo sallama. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

“Inna, shekara ɗaya ce kawai zan yi.”

Ba ta juyo daga albasar da take yankawa ba. Ta ce, “Ubanka ma shekara ɗaya ya ce zai yi a Kano. Ga shi can a maƙabartar Tarauni.”

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɗaure masa yaji da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce Allah ya tsare.

Ya kira daga Zinder, ya kira daga Agadas. A kiran ƙarshe ya ce ranar Litinin za su hau mota su shiga sahara, kwana huɗu ko biyar ba za a same shi ba, kada ta damu. Daga nan ba a sake jin muryarsa ba.

Kusan shekara huɗu ta yi tana nema ta hanyoyin da ta sani. Duk wanda aka ce ya dawo daga can, ko a Rijiyar Lemo yake ko a Hotoro, sai ta hau adaidaita ta je da hoton Sani. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a gidan yari, wani ya ce ai ya haye teku, wani ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo ya miƙo mata ya ce ta yi haƙuri, mutanen da yawa. An yi sauka, an yi sadaka. Wayarta ƙarama tana ɗaure a bakin zaninta, ba ta taɓa bari cajinta ya sauka ba. Abinci kuma bai taɓa makara ba.

Ni na kawo mata maganar shafin. Wata abokiyar aikina ce ta gaya mini akwai wata ƙungiya da ke tattara gawarwakin da ake tsinta a hanyar sahara, ta binne su da lamba, ta ɗauki hoton kayan da aka samu a jikinsu ta sa a intanet ko wani zai gane. Na kwana biyu ina juya abin a raina kafin na faɗa mata. Har yau ban san ko na kyauta ba.

Na fara nuna mata a wayata, ta kai ta kusa da hanci, ta nisanta, ta ce ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Sai na tuna da kwamfutar mahaifina da ke ɗakin karatunsa, babba mai faɗin fuska, an lulluɓe ta da zanin gado tun rasuwarsa. Na sa aka zo aka duba ta, ta tashi.

Ranar Asabar muka zauna. Ina dannawa tana kallo. Takalmin roba ƙafa ɗaya. Hula. Jakar baya da zif ɗinta ya ɓalle. Ƙaramin Alƙur'ani da rana ta gasa bangonsa. Cokali. Kowane hoto da lambarsa a sama. Mun ga arba'in da wani abu, na ce kaina yana ciwo. Washegari muka ga talatin, na ce ina da baƙi. Ba ni da baƙi. Ta gane.

Ranar Litinin da safe ina neman makullin mota ta tsaya a gabana.

“Nabiha, abin nan da kike turawa da hannu, koya mini.”

“Baba, ki bari sai ƙarshen mako mu ci gaba tare.”

“Ke kina da aiki, kuma zuciyarki ba ta ɗauka. Ni tawa ta riga ta saba. Koya mini kawai.”

Da yamma na zaunar da ita a kujerar mahaifina. Sai da na yi da gaske ta yarda ta hau. Shekara ashirin da huɗu tana goge kujerar nan ba ta taɓa zama a kanta ba. Na tura mata abin gabanta na ce, “Wannan shi ne linzamin kwamfuta, mawus ake ce masa.”

Ta ɗauke shi cak, ta nuna fuskar kwamfutar da shi kamar rimot. Na mayar da shi kan tebur, na ɗora hannunta a kai, na ɗora nawa a kan nata, muka tura. 'Yar kibiyar ta motsa. Ta janye hannu, ta sake mayarwa, ta tura a hankali tana bin kibiyar da ido.

“To ga maɓallai biyu a ƙarƙashin yatsunki,” na ce. “Na hagu shi ne naki. Duk abin da kike so ki buɗe, ki kai kibiyar kansa, ki danna na hagu sau ɗaya. Na daman nan ki manta da shi.”

Ta saki linzamin, ta kawo hannun hagu.

“A'a, da hannun dama za ki riƙe.”

“Kin ce hagu.”

“Hannun na dama, maɓallin na hagu.”

Ta dube ni kamar ina yi mata wasa da hankali. Sai na tashi na yanko filasta na manna a kan maɓallin, na ce inda manuniyarta ta ji kaushi, nan ne. Ta ce ai ba ta jin kaushi, amma tana ganin farin. Hakan ma ya yi.

Wahalar ba a gane maɓallin take ba, a dannawar take. Matar da ta shekara hamsin tana tuƙa tuwo ba ta san taɓawa kaɗan ba. Da kafaɗa take dannawa, linzamin ya zame, kibiyar ta bar inda aka ajiye ta, dannawar ta faɗa a wani wurin. Ko kuma ta danne ta ƙi saki, hoton ya biyo kibiyar yana yawo. Na yi bayani iri-iri bai shiga ba, har na fara ɗaga murya. Can na ce, “Baba, yadda kike taɓa ƙullin fanke ki ji ko ya tashi. Taɓa, ki ɗauke.”

Ta daidaita kibiyar, ta taɓa. Ƙas. Hoto ya sauya.

Tunda yatsan ba ya gaya mata ko ya danna, sai ta koma dogara da kunne. Kafin ta zauna sai ta kashe fanka, ta rufe taga, don ta ji ƙas ɗin nan. Ko a watan da zafi ya fi tsanani haka take zama, gumi yana bin wuyanta. Dannawa biyu a jere, wadda ake buɗe shafin da ita tun farko, ita ta fi ba ta wuya. Ta farko da ta biyu sai su yi nisa da juna kwamfutar ta ɗauka daban-daban ne. Mako guda ina buɗe mata kafin na fita. A na biyu na sauko na tarar ta buɗe da kanta.

Wuri uku na koya mata. Alamar da ke gefen dama, ta wucewa zuwa na gaba. Hoton kansa, idan tana so ya ƙara girma. Sai wani akwati mai ruwan toka a ƙasa, wanda na ce kada ta taɓa. Ta tambayi dalili. Na ce nan ne fuskar mai kayan take, ga waɗanda aka samu da sauran fuska.

Lokacinta daga ƙarfe sha ɗaya ne, bayan ta ɗora miya ta rage wuta, zuwa kiran azahar. Ba ta sauri. Rana guda ba ta wuce hoto goma sha biyar, don kowanne sai ta ƙara masa girma, ta duba ɗinki, ta duba maɗauri, sannan ta yi wa mai shi addu'a ta wuce. Lambar da ta tsaya a kai tana rubuta ta a bayan kalandar kicin da rubutunta mai kama da ƙugiyoyi. Ban san ranar da ta fara buɗe akwatin mai ruwan toka ba. Na dai shigo wata Asabar na ga abin da ke fuskar kwamfutar, na juya da baya na fita. Daga baya ta ce mini, “Kaya ana aro, ana sata, ana musanya. Dole na ga mutum.”

Sau ɗaya tak abinci ya makara a gidanmu. Na dawo da la'asar na ji ƙaurin miya tun daga gareji, Hajiya tana ta kira daga sama. Na same ta a ɗakin karatu, hannayenta biyu a cinya, fuskar kwamfutar ba komai sai hoton tsaunukan da ke bango.

“Na goge ɗan mutane,” ta ce.

Ashe yatsanta na tsakiya ne ya sauka a maɓallin dama, wani ɗan akwatin rubutu ya fito, ta rikice tana neman korarsa ta yi ta dannawa har shafin ya rufe. A zatonta ta share yaron daga duniya gaba ɗaya, uwarsa za ta zo nema ba za ta same shi ba. Na yi mata rantsuwa cewa ba abin da ya goge, hotunan ba a cikin kwamfutarmu suke ba. Ba ta yarda ba sai da na buɗe na nemo mata lamba ɗari biyu da arba'in, wata riga mai ratsin ja. Ta dube ta sosai, ta ce ita ce, sannan ta tashi ta je ta zubar da miyar. A ranar na nuna mata cewa in akwatin nan ya sake fitowa, ta kai kibiyar wurin da ba komai ta danna na hagu, zai tafi da kansa.

Wata na huɗu ta kira ni a waya ina wurin aiki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in na samu sarari in zo.

Lamba ɗari takwas da sha ɗaya. Wandon jins, riga mai dogon hannu, carbi na roba, da baƙin tabarau irin na masu walda, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da jar waya. Rubutun ƙasa ya ce an same shi da wasu mutum tara, tafiyar rabin yini daga wata rijiya. Ta buɗe fuskar da kanta. Rana da yashi ba su bar abin ganewa ba, sai haƙora. Akwai wushirya a tsakiyar na sama. Sani yana da wushirya.

“Masu walda suna da yawa, Baba,” na ce. “Masu wushirya ma haka.”

“Na sani. Karanta mini koren nan.”

A ƙarƙashin hoton akwai wani koren akwati. Na fassara mata: in kana zaton ka san wannan mutum, danna nan.

Ta kai kibiyar kansa. Ta ce, “Me ya sa take komawa hannu?”

“Haka take yi in ta hau wurin da ake dannawa.”

Ta daɗe tana kallon ɗan hannun nan mai miƙe da yatsa. Sai ta janye linzamin gefe, ta ce azahar ta yi.

Kwana goma sha tara ba ta wuce lambar nan ba. Kullum sha ɗaya za ta kashe fanka, ta buɗe, ta kai kibiyar kan koren akwatin, ta zauna. Na taɓa leƙawa na ga manuniyarta a ɗage saman filastar, ba ta taɓa ba. Ta daina cin abincin rana. Hajiya ta ce in cire wayar kwamfutar in ɓoye, tun matar nan ba ta zauce ba. Ban cire ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Idi ya zo, surukin Baba Asabe. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakunan baya, ta kira ni in zauna, wai kada ta manta abin da za a faɗa. Dattijo ne mai kunya. Ya yi gaisuwa ta kai sau huɗu kafin ya shiga maganar.

“Inna Asabe, ba don na ƙi Sani ba, Allah ya sani. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga mini ido ba. Amma shekara huɗu ke nan har da wata biyu. Ita Ummi ashirin da huɗu gare ta. Na tambayi malamai, sun ce in an kai haka ana iya zuwa gaban alƙali. Na ce ba zan taka ko'ina ba sai kin ji daga bakina.”

Ta ce, “Ita Ummin me ta ce?”

“Kuka kawai take yi.”

Baba Asabe ta kalli ƙasa. “Kun yi haƙuri, Malam. Wasu ko shekara ba za su yi ba. Ku je wurin alƙalin. In ana son bakina, zan zo in faɗa.”

Ba ta gaya masa zancen hoton ba. Da ya tafi na tambaye ta dalili, ta ce ba za ta ba mutum gawar da ita kanta ba ta karɓa ba.

Washegari da hantsi ta ce in zo in tsaya kusa da ita. Ta buɗe, ta daidaita kibiyar. Na ga yatsan ya sake tsayawa saman filastar, na ce, “Kawo in danna miki.”

“Ni na haife shi,” ta ce.

Ta taɓa, ta ɗauke. Linzamin ko motsi bai yi ba. Wata takarda ta buɗe mai neman suna da lambar waya da ranar da aka rabu da mutum. Ta tashi ta ba ni kujerar, tana faɗa ina rubutawa.

Bayan mako uku wata mata ta zo da 'yar jaka, ta goga auduga a cikin kumatun Baba Asabe, ta sa a kwalba ta rufe. Ta ce za a gwada da na mamacin, amma abin yana ɗaukar lokaci, a yi haƙuri.

Wata takwas ya ɗauka. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a watannin nan takwas Baba Asabe ta fi kowane lokaci samun sauƙi tun tafiyar Sani. Ta daina shiga ɗakin karatu. Ta kwance wayar daga bakin zaninta ta ajiye a kan taga. Duk Juma'a tana soya waina ta ba masu gadin layinmu sadaka, ta ce Allah ya kai ladan kabarin Sani. Ta koma cin abinci, har kumatunta suka ciko. Ta san lambar kabarinsa, ta san akwai rijiya kusa, ta san ba shi kaɗai ya kwanta ba. A cikin watannin ne alƙali ya raba auren, Ummi ta yi takaba ta fita, wani direba a Badawa ya fito neman aurenta. Baba Asabe ta aika mata da tukwane uku da ta daɗe tana ajiya.

Saƙon ya same ni a wurin aiki. Na karanta sau uku, na fita na zauna a mota na kusa awa ɗaya. Da na iso gida tana kicin tana tsince shinkafa a faranti.

“Baba, sun aiko.”

Ta ajiye farantin.

“Ba shi ba ne. Sun ce jininku bai haɗu ba ko kaɗan.”

Na zaci za ta yi hamdala, ko ta yi kuka. Ta dai tsaya tana kallona.

“To ɗan wane ne?”

“Ba su sani ba.”

“Wata takwas ina kiransa Sani,” ta ce. “Bai ce mini a'a ba.”

Ta ɗauki farantin ta ci gaba da tsintar. Da ta gama ta wuce ɗakinta, na ji tana neman abin cajin waya. Washegari ƙarfe sha ɗaya na ji fankar ɗakin karatu ta tsaya. Ta ci gaba daga ɗari takwas da sha biyu.

Wannan karon ya fi na farko cin jikinta. Idonta na dama ya fara yana, sai ta karkata kai tana kallo da na hagu. Yatsan ya kumbura a gaɓa, in ta danna sai ta cije leɓe. Na ce in mayar mata da aikin kan wani yatsan, ta ce wannan ne ya san hanya.

Wata ranar Lahadi ta aiko a kira ni, wai linzamin ya lalace. Na tarar ta juya shi ta goge cikinsa, ta hura, ta sake masa sabuwar filasta. Ta ce tun ɗazu take dannawa, tana jin ƙarar, amma hoton ya ƙi wucewa. Na duba. Lamba dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da shida, wata jarkar ruwa da aka naɗe da buhu. Alamar gefen dama ta dushe, kibiyar ma in ta hau kanta ba ta komawa hannu.

“Lafiyarsa ƙalau, Baba. Hotunan ne suka ƙare. Wannan ne na ƙarshe.”

“Ba na gaba?”

“Babu. Sai in sun ƙaro.”

Ta sake dannawa sau biyu, a hankali, tana saurare. Sannan ta ce, “To ina sauran mutanen?”

Ta ce in mayar mata da shi na ɗaya, wataƙila a farkon, lokacin ba ta iya ba, ta wuce wani abu.

Ba ta gama zagaye na biyu ba Hajiya ta rasu. Kafin shekara ta zagayo yayyena suka sayar da gidan ga wasu da za su rushe su yi benaye. Na kama gida a Giginyu, na ce ta biyo ni, akwai ɗakinta. Ta ce ta gaji da Kano, kuma idon ya riga ya tafi, ko ta zauna gaban kwamfutar haske kawai take gani. Ɗan ƙaninta ya zo da mota daga ƙauye. Kafin ta shiga sai da ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, tana gaya wa kowane mai gadi sunan ƙauyensu da inda ake sauka, ko wani zai zo ya tarar ba gida ya tsaya yana tambaya. Ta sa na rubuta a takardu na ba su. Biyu daga cikin masu gadin sun riga sun bar aiki yanzu.

Kwamfutar tana falona. Duk bayan wata biyu ko uku ƙungiyar takan ƙara sababbi, wani lokaci biyar, wani lokaci talatin. In na gani sai in jira Asabar da hantsi, lokacin da ɗan ƙaninta yake gida, in kira. Yakan kai mata wayar inda take zaune a zaure. Mukan gaisa, ta tambayi Jummai, wadda yanzu take aji huɗu, in gaya mata abin da na sani. Sai ta ce, “Nawa ne?”

Makon jiya goma sha ɗaya ne.

“Baƙar riga mai hula, Baba. Da agogon roba.”

“Ba ya sa agogo. Allah ya ji ƙansa. Wuce.”

Na danna.

“Silifas shuɗi, da buroshin haƙori, da hoton wata yarinya.”

“Yarinyar kamar shekara nawa?”

“Za ta kai goma.”

Ina jin kukan awaki a bayanta.

“Ba ita ba ce. Allah ya ji ƙansa. Kin buɗe fuskar?”

Na ce na buɗe. Ban buɗe ba, ba na iyawa.

“To wuce,” ta ce.